Kafin A Sa Wa Injin Sifana

A safiyar kwana na tara da sayen motar, wani malami mazaunin Gwandu ya fito bayan sallar asuba, ya murɗa makulli, sai ya ji sitiyari na rawa a hannunsa. Injin ya tashi, amma yana ɗingishi kamar jakin da ƙaya ta soka a ƙafa ɗaya. Cikin abin da bai kai rabin minti ba rawar ta ɗauke, muryar injin ta daidaita. Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gari, saboda haka ya ce a ransa sanyi ne. Ya kama hanyar Birnin Kebbi, ya wuce Kalgo wurin aikinsa, kuma motar ba ta yi ko tari ba har ya dawo gida.

Washegari ta sake yi. Ranar da ta biyo baya ma haka, sai dai a wannan karon wata fitila ruwan ɗorawa mai siffar injin ta kama a gabansa, ta ƙi mutuwa. Da ya buɗe bonet, ya tarar ruwan da ke cikin robar da ke gefen lagireto ya sauka da kamar yatsa biyu. Ya ƙara ruwa ya rufe, bai gaya wa kowa ba.

Shirun nasa yana da dalili. Motar ƙarama ce ƙirar Japan, mai silinda huɗu, ta shekarar 2009, wadda aka hau a Amurka kafin a yo jirgin ruwa da ita. Mutane na kiran irinta 'yar Beljiyam ko 'yar Kwatano, ko da ba ta taɓa ganin ɗaya daga wuraren biyu ba. Sunan Kwatano ya zauna tun zamanin da ake sauke motocin gwanjo a can a shigo da su ta mota, kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu daga 1 ga Janairu 2017. Rabin kuɗin motar bashi ne na ƙungiyar ma'aikata, wanda za a riƙa cira daga albashinsa har shekara biyu. Sauran rabin kuwa kuɗin shanu biyu ne da ya gada. Kuma wanda ya sayar masa aminin surukinsa ne, dattijon da yake rusuna wa idan sun haɗu a wurin ɗaurin aure.

A aljihun motar akwai takarda da aka rubuta da hannu: garantin kwana 30 a kan injin da giya, bisa sharaɗin kada wani bakanike ya kwance injin ba da sanin mai sayarwa ba. Kwana 11 sun riga sun tafi.

Shawarwari uku

A majalisar da yake zama da yamma, kusa da hanyar hubbaren Abdullahi ɗan Fodiyo, kowa ya zama likitan mota. Na farko ya ce fetur ne marar kyau, ya tuna musu Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da man da sinadarin metanol ya yi wa yawa, motoci suka yi ta mutuwa a Legas da Abuja. Na biyu ya ce fulogi ne, a canza duka huɗun a huta. Bakaniken unguwa, wanda ya saurari injin da rana tsaka yana aiki lafiya lau, ya ce ba a sanin ciwon injin sai an buɗe shi, a kawo motar gobe ya sauke kan silinda ya duba.

Babu shawarar da ba ta da kamar gaskiya. Amma kowace daga cikinsu za ta ci wani abu da ya fi kuɗin gyara tsada. Idan aka zubar da fetur aka canza fulogai, an jefar da abin da zai nuna inda ciwon yake. Idan aka sauke kan silinda, garanti ya tashi a daidai lokacin da kusa ta farko ta juya. Mutumin da motarsa ta tsufa a hannunsa tambaya ɗaya gare shi: me ya lalace? Wanda motarsa ke cikin garanti kuwa tambayarsa biyu ce, kuma ta biyun ta fi nauyi: me ya lalace, kuma yaushe ya lalace? Amsar ta farko ita ce za ta ce nawa za a kashe. Amsar ta biyu ita ce za ta ce wa zai kashe.

Abin da ya ceci malamin shi ne bai da kuɗin ko ɗaya daga gyare-gyaren uku a ƙarshen watan. Sai ya bi shawarar wani abokin aikinsa, ya kai motar wurin wani matashi a Kalgo wanda ake cewa yana sa wa mota kwamfuta.

Abin da na'ura ta faɗa

Tun daga 1996, duk ƙaramar motar da aka sayar sabuwa a Amurka dole ta zo da tsarin da ake kira OBD-II. Ƙwaƙwalwar motar na lura da injin a kowane lokaci, idan ta ga abin da ya saɓa wa ƙa'ida sai ta ajiye shi da lamba, ta kunna fitilar gargaɗi. A ƙarƙashin sitiyari akwai wata kafa mai haƙora 16, inda ake jona na'urar karantawa. Ƙasashen Turai sun bi sahu da irin wannan tsari a motocin fetur daga 2001.

Matashin ya jona tasa, wadda ba ta fi tafin hannu girma ba, ya juyo wa malamin fuskar wayarsa. Lamba ɗaya ce: P0303. Ma'anarta silinda ta uku tana tsallake wuta, wato akwai zagayen da fetur ke shiga cikinta amma bai ƙone ba. Da lambar P0300 ce, da an ce tsallaken na yawo tsakanin silindoji, a nan ne zargin fetur ko famfon mai zai yi ƙarfi. Amma mai marar kyau ba ya zaɓen silinda ɗaya ya ƙyale uku, domin daga tanki ɗaya suke sha. Shawarar farko ta faɗi ba tare da an zubar da ko lita guda ba.

"Malam, in goge maka ita? Fitilar za ta mutu yanzu-yanzu," in ji matashin, don haka yawancin masu zuwa wurinsa suke so.

"A'a, bar ta. Ɗauki hotonta tukuna."

Wannan ita ce magana mafi amfani da malamin ya yi a duk sha'anin. Goge lamba ba ya gyara komai, kuma yana tafiya da wani bayani da ƙwaƙwalwar ke ajiyewa tare da ita: halin da injin yake ciki a daƙiƙar da matsalar ta faru. Bayanin ya nuna injin na da sanyi, motar kuma a tsaye take. Wato ba a kan hanya cikin gudu ko cikin zafi abin ya auku ba.

Sai matashin ya buɗe wani shafi da mutane ba su cika tambaya ba. Motoci da yawa suna ƙirga nisan da suka yi tun ranar da aka goge musu lambobi. Na'urar ta nuna mil 574. Malamin ya lalubo hoton da ya ɗauka na mitar motar ranar da ya saye ta, suka yi lissafi: shi mil 561 ya yi. An wanke ƙwaƙwalwar motar mil 13 kacal kafin ta shigo hannunsa.

Zuciyarsa ta hau. Amma matashin ya yi masa adalcin da ya kamata: cire batir ma kan mayar da wannan ƙirga sifili, kuma motar da ta yi watanni a jirgi da tasha da filin dillali da wuya a ce ba a taɓa batir ɗinta ba. Alama ce, ba hujja ba ce. Wanda ya je wa dattijo da alama a matsayin hujja zai dawo da kunya.

Nonon da aka tara a hantsa

Damuwar malamin tsohuwa ce, ta girmi mota da ƙarnuka. A karatun zaure da ya yi yana yaro a Gwandu, ya ji hukuncin dabbar da mai ita ya bar ta kwanaki ba tatsa, don nono ya taru a hantsarta mai saye ya ɗauka mai yawan nono ce. Hadisi ya hana haka, ya kuma ba mai sayen zaɓi bayan ya tatsa ya ga gaskiya: ya riƙe, ko ya mayar tare da sa'i guda na dabino. A wata ruwaya zaɓin na kwana uku ne. Goge lambar injin da gangan a jajibirin ciniki ɗan'uwan wannan ne, domin ciwon yana nan, an dai ɓoye shi har kuɗi ya canza hannu.

Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a ƙasar nan, irin su Risala da Mukhtasar na Khalil, sun yi magana a kan zaɓin aibi. Ginshiƙin babin shi ne bambanta tsohon aibi, wanda ya riga ciniki, da sabon aibi da ya faru a hannun mai saye. Akwai kuma wani sharaɗi da ya sa malamin zufa da ya tuna shi: wanda ya gano aibi, sannan ya ci gaba da amfani da kayan ta hanyar da ke nuna ya yarda, kamar ya ci gaba da hawan dabbar, haƙƙinsa na mayarwa kan faɗi. Malamai sun yi togaciya ga matafiyin da larura ta tilasta. Shi kuwa kwana huɗu ya yi yana ƙara ruwa yana tuƙi, bai ce uffan ba.

Dokar ƙasa ma a nan ta tsaya. Dokar tarayya ta gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta tanadi cewa mai saye na iya mayar da kayan da ba su cika ingancin da ya kamata ba cikin wata uku da karɓa, a gyara masa, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Masanin tattalin arziki George Akerlof, wanda ya samu lambar Nobel a 2001, ya nuna tun a 1970 cewa kasuwar motocin gwanjo na fama da ciwo guda: mai sayarwa ya san abin da mai saye bai sani ba, don haka mai saye ke zargin kowace mota, masu motoci nagari kuma su janye daga kasuwa. Garanti na cikin magungunan da ya ambata. Amma garanti ba ya aiki da kansa. Takarda ce kawai har sai an samu abin da zai raba tsohon aibi da sabo.

A ranar malamin ya ajiye motar a Kalgo, ya shiga motar haya zuwa gida. Da dare ya tura wa dillalin saƙo ta WhatsApp, da hoton lambar da kwanan wata, sannan ya kira.

"Baba Alhaji, barka da dare. Motar nan ce take ɗan nuna wata alama. Ban bari kowa ya kwance ta ba. Ina roƙon a turo wanda aka yarda da shi mu duba tare."

Aka yi shiru kaɗan. "Ɗana, motar da na ba ka lafiyarta ƙalau. Ko dai ka bar ta ta yi zafi a hanya?"

"Shi ne nake so a gani, Baba. In laifina ne, na ɗauka."

Gwaji ɗaya bayan ɗaya

Kwana biyu bayan haka, bakaniken dillalin ya iso Kalgo da sassafe, kafin a tayar da motar, domin ciwon da ke zuwa da asuba ba a nemansa da azahar. Silinda na buƙatar abu uku ta yi aiki: tartsatsin wuta a kan lokaci, fetur da iska a gwargwado, da matsi. Idan ɗaya ta gaza, a cikin ukun nan laifin yake. Hanyar ganewa mafi arha ita ce musanya, ba saye ba, kuma a taɓa abu ɗaya a lokaci guda.

Suka cire koyil na silinda ta uku suka kai ta ɗaya, na ɗaya suka kawo ta uku. Da koyil ne, da tsallaken ya bi shi zuwa sabon gidansa. Aka tayar, ɗingishin ya zo, na'ura ta nuna har yanzu ta uku ce. Sai suka fito da fulogai huɗu suka jera a kan tsumma. Uku sun yi launin toka-toka mai ɗan ja, kamar yadda aka saba. Na silinda ta uku kuwa fes yake, kamar an wanke shi. Malamin ya ɗauka wannan alamar lafiya ce. Bakaniken biyu suka kalli juna, domin abin da ke wanke fulogi haka a cikin injin tururin ruwa ne.

Tsakanin gangar injin da kan silinda akwai gasket, wani siririn faifai da ke raba hanyoyi uku: ɗakin wuta, hanyar ruwa, da hanyar baƙin mai. Kan silinda na irin waɗannan motoci na alminiyam ne, kuma idan injin ya taɓa yin mugun zafi yakan ɗan karkace, ya bar wata kafa da ido ba ya gani. Idan aka kashe mota da dare, ruwan lagireto na nan da sauran matsinsa, sai ya riƙa tsattsafowa ta kafar zuwa cikin silinda. Da safe ruwan ya jiƙa fulogi, wuta ta ƙi kamawa, har sai ya ƙone ya fita ta salansa. Ƙarfe ya ɗumama ya buɗa, kafar ta matse, motar ta yi tafiyar yini kamar ba komai. Wannan ya haɗa alamomi ukun da malamin ya ɗauka ba su da dangantaka: rawar asuba, raguwar ruwa, da lafiyar rana.

Don a tabbatar ba tare da an kwance komai ba, matashin ya ɗora wata kwalba mai shuɗin ruwa a bakin lagireto, injin na aiki. Idan hayaƙin ƙonewa na shiga hanyar ruwa, shuɗin kan koma ruwan ɗorawa. Ya koma. Tambaya ta farko ta samu amsa.

Ta biyun ta fito ne daga abubuwan da babu wanda ya je nema. A ƙarƙashin murfin lagireto akwai wani kauri mai ƙyalli, ragowar maganin toshe yoyo da ake zubawa don a ɗan rufe irin wannan kafa na wani lokaci. Fankar injin kuma an haɗa ta kai tsaye, tana tashi da zarar an murɗa makulli, kuma wayar haɗin ta yi ƙura ta bushe, ba aikin mako biyu ba ne. Na'ura ta nuna injin ba ya kaiwa zafinsa na aiki, wanda ke kusa da digiri 90, abin da ya sa suka yi zargin an cire tamostat. Wasu na cire shi da sunan wai ƙasarmu zafi gare ta, alhali injin da bai kai zafinsa ba ya fi shan mai kuma ya fi saurin ci. Duk waɗannan sawun wani ne da ya yi fama da zafin injin kafin malamin ya san da motar a duniya.

Bakaniken dillalin ya ɗauki hotuna da wayarsa, bai yi musu ba. Gani ya kori ji.

Zama a zaure

An yi zaman a zauren surukin malamin bayan la'asar. Dillalin ya dubi hotunan ya daɗe. Ya rantse cewa shi ma daga hannun wani ya ɗauko motar, bai taɓa buɗe murfin lagiretonta ba, kuma batir ya canza mata ranar da ta iso. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Malamin bai ƙaryata shi ba, kuma bai buƙaci hakan ba, domin zaɓin aibi bai rataya a kan sai mai sayarwa ya san da aibin ba. Ya isa a nuna ya riga ciniki. Wannan ya ba kowa ƙofar fita da mutuncinsa: babu wanda aka kira maƙaryaci, injin ne ya yi magana.

Amma dillalin ma yana da tasa. "Kwana huɗu kana ƙara ruwa ba ka faɗa mini ba, ɗana. Da injin ya ƙone gaba ɗaya fa, wa za ka ce?"

Malamin ya sunkuyar da kai. "Kunya ce, Baba."

"Kunyar da za ta sa ka ci bashin shekara biyu a kan gawa?" in ji surukin.

Malamin ya so a mayar masa da kuɗinsa. Dillalin ya ce kuɗin sun riga sun shiga wata motar. Aka tsaya a kan gyara: dillali zai biya sabon gasket, da kai kan silinda a auna a goge shi ya daidaita, da ladan aiki. Malamin zai sayi tamostat da ruwan lagireto na gaske, a kuma mayar da fanka kan tsarinta. Aka sake rubuta takarda, garantin kwana 30 ya fara daga ranar da aka gama gyara, surukin ya sa hannu a matsayin shaida. Da aka sauke kan silinda, tabon yoyon na nan a gefen silinda ta uku, gurbin tamostat kuma fayau.

Ba duk abin da ya so ya samu ba. Ya biya kuɗin motar da ba a taɓa buɗe injinta ba, ya tashi da wadda aka buɗe, kuma ranar da zai sayar da ita wannan zai rage mata daraja, idan ya faɗi gaskiya, kuma ya ce zai faɗa. Da ya san abin da ya sani yanzu, da kafin ya biya ya je filin dillalin da asuba ya tayar da ita da sanyinta, ya lura ko fitilar injin na kamawa idan an murɗa makulli sannan ta mutu bayan an tayar, ya leƙa murfin lagireto, ya kuma biya ɗan kuɗin na'ura, wanda bai kai na cika tanki ba.

Yanzu akwai ƙaramin littafi a aljihun motar, kusa da takardar garanti. Duk safiyar Litinin, kafin ya kama hanyar Kalgo, yakan buɗe bonet ya duba ruwa, ya rubuta kwanan wata da lambar mita. Makonni shida ke nan ruwan bai motsa ba. Duk da haka, idan ya murɗa makulli yakan ɗora tafin hannunsa a kan sitiyari, ya jira rabin minti kafin ya saka giya.